Wane Ne Gwanin Gwanaye a Fagen Tanis?



Yau zan ɗan kauce wa tamaula. Na san da yawanku kun murɗa rediyo ne don ku ji an taɓo Firimiya ko Laliga, to ku yi mini uzuri na 'yan mintoci. Gardamar da na zo da ita ma a gidan kallon ƙwallo aka haife ta, saboda haka ba mu yi nisa da gida ba.

Ranar Lahadi 8 ga watan Yuni na 2025, ana tsakiyar hidimar Babbar Sallah, na shiga gidan kallon unguwarmu da la'asar don in kama wuri. Da dare za a buga wasan ƙarshe tsakanin Portugal da Sifaniya, Ronaldo da Lamine Yamal, kuma kowa ya san idan ka makara sai tsayuwa a bakin ƙofa. Mai gidan ya kunna tasha yana jiran lokaci, sai ga wasu samari biyu a filin jar ƙasa a birnin Faris suna ta jibgar ƙwallo. Carlos Alcaraz ɗan Sifaniya da Jannik Sinner ɗan Italiya, wasan ƙarshe na gasar Roland Garros. Wani daga benci na baya ya ce, "Malam, canza mana wannan, ba shi muka biya ba." Mai gida ya ce a ɗan jira, ai yanzu za a gama. Kuma da gaskiyarsa, domin Sinner ya ci turmi biyu na farko, Alcaraz ya ci na uku, ga shi a turmi na huɗu Sinner yana gaba da 5 da 3, maki ɗaya tak ya rage masa ya ɗaga kofi, kuma yana da dama har sau uku ya same shi. Na ce turmi ne don in ari kalmar 'yan dambe, tunda a manyan gasannin maza duk wanda ya riga cin uku cikin biyar shi ne da nasara.

Damar farko ta wuce. Ta biyu ta wuce. Ta uku ta wuce. Muka fita sallar magariba muka dawo, suna nan ba su gama ba. Wanda ya ce a canza tasha kuwa, ina waigawa na gan shi tsaye a kan benci, hula a hannu, yana tambayar na kusa da shi yadda ake ƙirga makin. Sa'a 5 da minti 29 suka kwashe, wasan ƙarshe mafi tsawo da aka taɓa yi a tarihin gasar, kuma Alcaraz ne ya cinye. Ana gamawa aka juya zuwa tamaula, amma rabin ɗakin bai dawo hayyacinsa ba. Wani yaro da bai wuce shekara ashirin ba ya buga ƙirji ya ce tun da ake buga wannan wasa ba a taɓa yin kamar Alcaraz ba. Wani tela abokina ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Yaro, ka ga Federer kuwa?" Daga nan aka ɓalle. Har aka kai ga bugun fenariti a wasan Ronaldo ba a rufe wannan babi ba, kuma har yau idan muka haɗu a teburin mai shayi sai an tayar da shi.

Bari in fara da abin da ba a musu a kansa. Manyan gasanni huɗu ake yi a shekara, waɗanda ake kira Grand Slam: ta Ostareliya a watan Janairu, ta Faransa a jar ƙasa, Wimbledon a Landan a kan ciyawa, sai ta Amurka a birnin New York. Roger Federer ɗan Suwizalan ya ci 20. Rafael Nadal ɗan Sifaniya ya ci 22. Novak Djokovic ɗan Sabiya ya ci 24. Su ukun sun haɗa 66. Don ku gane girman abin, lokacin da Pete Sampras na Amurka ya ci na 14 a 2002 ya rataye raket, mutane sun ɗauka an rufe ƙofa ke nan, sai wani zamanin. Shekara bakwai kacal Federer ya wuce shi, daga baya sauran biyun ma suka wuce shi, suka kuma wuce Federer ɗin.

Ni dai kada in ɓoye muku, mutumin Federer ne. Tun 2003 da ya fara cin Wimbledon nake binsa. Mutum ne da yake wasa kamar ba ya gumi. Da hannu ɗaya yake mayar da ƙwallon da ta zo masa ta hagu, yana shawagi a fili kamar ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, ka ga bugu ka rasa ta inda ya fito da shi. Ya ci Wimbledon sau 8, ya yi mako 237 a jere yana na ɗaya a duniya ba wanda ya ture shi. Idan gwaninta ita ce ka sa wanda bai san wasa ba ya tsaya kallo, to a nan na tsaya, ba ni da wani gwani sai shi.

Amma akwai ranar da har yanzu idan na tuna sai in ji ɗaci a bakina. Watan Yuli na 2019, wasan ƙarshe na Wimbledon, Federer yana dab da cika shekara 38. Turmi na biyar, yana gaba da 8 da 7, shi ne da bugun farawa, maki 40 da 15. Dama biyu a hannunsa, filin gaba ɗaya nasa ne, mutane har sun ɗaga wayoyi za su ɗauki hoton nasara. Djokovic ya tsaya can ƙarshen fili fuskarsa ba yabo ba fallasa, ya ƙwace ta farko, ya zura ƙwallo ta gefen Federer ya ƙwace ta biyu, ya je ya cinye turmin da 13 da 12 bayan kusan sa'a biyar. A lissafin ranar Federer ya fi shi yawan maki, ya fi shi kyawawan bugu, amma kofi ya tafi Sabiya. Ran nan ban ci tuwon dare ba, uwargida har ta tambaye ni ko wani ne ya rasu.

Su kuwa mutanen Nadal hujjarsu ɗaya ce, amma mai nauyi ce ƙwarai. Roland Garros sau 14. Ya buga wasa 116 a wannan gasa, sau 4 kawai aka doke shi: Robin Soderling a 2009, Djokovic a 2015 da 2021, sai Alexander Zverev a 2024 lokacin da jiki ya riga ya gaji. Ku nemo mini wani wasa a duniya, kowane iri ne, da mutum ɗaya ya mallake fili ɗaya haka. Federer da kansa sau huɗu yana zuwa wasan ƙarshe a Faris yana tarar da Nadal a bakin ƙofa, a 2008 ma wasa huɗu kacal ya iya ci a turmi uku, aka yi masa cin kaca. Sai da Soderling ya kawar masa da Nadal a 2009 sannan ya samu ya ɗauki kofin sau ɗaya. Nadal kuma bai tsaya a gidansa ba. A 2008 ɗin nan ya bi Federer har ciyawar Wimbledon, inda ya yi shekara biyar a jere yana sarauta, suka yi sa'a 4 da minti 48, ruwan sama yana katse su, ya kayar da shi da 9 da 7 a turmi na biyar duhu ya riga ya fara rufe fili.

Wani abin da zai yi wa 'yan tamaula daɗi: Nadal ɗan ga-ni-kashe-nin Real Madrid ne, alhali baffansa Miguel Angel Nadal ya yi shekaru yana tsaron baya a Barcelona. Wani baffan nasa, Toni, shi ya koya masa tanis tun yana ƙarami a garin Manacor da ke tsibirin Mallorca. Da dama yake rubutu, da hagu yake riƙe raket. Kuma kusan duk rayuwarsa ta wasa da ciwon ƙafa ya yi ta, har kofin Faris na 2022 sai da aka riƙa yi masa allurar kashe zafi a ƙafar kafin ya shiga fili.

To ina matsayata? Zan faɗa ko da abokina tela zai daina gaishe ni. Idan da alƙalami da takarda za a yi hukunci, Djokovic ne. Ya fi su manyan kofuna. Ya yi mako 428 yana na ɗaya a duniya, Federer 310. Ya kara da Federer sau 50 ya ci 27. Ya kara da Nadal sau 60 ya ci 31. Kowace daga cikin manyan gasannin huɗu ya ci ta aƙalla sau uku, ta Ostareliya ma sau 10. Abu ɗaya da ake yi masa gori da shi, wato zinaren Olamfik, ya je Faris a 2024 yana da shekara 37, wata biyu bayan an yi masa aiki a gwiwa, ya doke Alcaraz da ya girme wa da shekara 16, ya durƙusa a jar ƙasa yana kuka jikinsa na rawa. Kuma ku tuna ya yi asarar gasa biyu a 2022 saboda ya ƙi yarda a yi masa rigakafin korona, har hukumomin Ostareliya suka tsare shi suka tasa ƙeyarsa zuwa gida. Wannan shi ya jawo wa kansa, ban tausaya masa ba, amma ko da wannan giɓin lissafin nasa ne.

Abin da ya rasa shi ne soyayyar 'yan kallo, kuma ina ganin wannan ne ya sa gardamar ta ƙi mutuwa. Ya iso ne bayan duniya ta riga ta rabu gida biyu, 'yan Federer da 'yan Nadal, kowa ya zaɓi nasa, sai ga na uku ya zo yana ɓata wa kowa biki. Ba daga ƙasar masu kuɗi ya fito ba. A Belgrade ya tashi, yana ɗan shekara goma sha ɗaya zuwa sha biyu jiragen NATO suna ruwan bama-bamai a birnin a 1999, yana kwana a maɓoya da safe ya fita atisaye. Yakan fasa raket, yakan yi wa 'yan kallo gatse, a 2020 ma an kore shi daga gasar Amurka saboda ya buga ƙwallo cikin fushi ta sami wata alƙaliyar layi a maƙogwaro. Mutum ne mai wuyar so. Amma wuyar so daban, iya wasa daban, kuma mu masoya Federer mun daɗe muna cakuɗa su da gangan.

Sai dai akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, da yakan zauna da mu wurin mai shayi, shi ne ya ɓata mini wannan lissafi mai tsabta. Ya bari muka gama ƙirge-ƙirgenmu, ya kurɓi shayinsa, ya ce, "Ku yaran nan, wa ya ce muku da can da wannan mudu ake awo?" Kuma ya yi gaskiya. Ƙirga manyan kofuna a matsayin ma'aunin gwaninta sabon abu ne, zamanin Sampras ya yi ƙarfi. Bjorn Borg ɗan Suwidin ya ci 11, shida a Faris, biyar a jere a Wimbledon daga 1976 zuwa 1980, da raket na katako, kuma sau ɗaya tak ya taɓa zuwa gasar Ostareliya, domin a lokacin manyan 'yan wasa ba su ɗauke ta a bakin komai ba, ga nisa ga ƙarancin kuɗi. Yana da shekara 26 ya ce ya gaji ya tafi abinsa. Rod Laver na Ostareliya kuwa ya haɗa gasannin huɗu duka a shekara ɗaya a 1962, sannan ya koma wasan kuɗi, dokar lokacin ta hana shi shiga manyan gasanni har shekara biyar, lokacin yana kan ganiyarsa. Da aka buɗe ƙofa ga kowa a 1968, ya dawo ya sake haɗa huɗun a 1969. Babu wani namiji da ya sake yin haka tun daga ranar. Djokovic ya kusa a 2021, ya ci uku, ya kai wasan ƙarshe a New York, Daniil Medvedev ya tare masa hanya. Abin mamaki, a ranar da ya faɗi ɗin ne 'yan kallon New York suka tashi suna kiran sunansa, ya rufe fuska da tawul yana kuka tun wasa bai ƙare ba.

Dattijon ya ƙara da wata magana da ta zauna mini. Ya ce ɗan dambe da abokin karonsa ake auna shi, shi ya sa ba a ambaton Shago a bar Ɗandunawa. Idan ka duba, su ukun nan kowa ɗan'uwansa ne ya ƙera shi. Nadal ne ya matsa wa Federer ta hagu shekara da shekaru har sai da ya canza raket ya gyara bugunsa, ya dawo ya doke shi a Ostareliya a 2017. Djokovic ne ya doke Nadal a wasan ƙarshe sau bakwai a jere tsakanin 2011 da farkon 2012, na bakwai ɗin a Melbourne, sa'a 5 da minti 53, har aka kawo musu kujeru lokacin jawabin ba da kofi saboda ƙafafunsu sun kasa ɗaukarsu. Shi kuma Djokovic shekaru ya yi yana na uku yana kallon ƙeyarsu kafin ya gano yadda zai wuce. Shi ya sa da Federer ya yi ban kwana a Landan a watan Satumba na 2022, wanda ya fi kowa kuka a gefensa Nadal ne, suna zaune hannu riƙe da hannu. Nadal ya bi bayansa a Malaga a watan Nuwamba na 2024.

Wata 'yar'uwa ta taɓa aiko mini da saƙo tana cewa, "Malam, kullum maza kuke ƙirgawa." Hajiya, kin yi gaskiya, laifinmu ne. Margaret Court ta Ostareliya tana da 24 tun kafin a haifi Djokovic, ko da yake 11 daga ciki a gida ta ci su, a zamanin da ba kowa ke zuwa ba. Steffi Graf ta Jamus tana da 22, kuma a 1988 ta haɗa huɗun duka ta ɗora zinaren Olamfik a kai, abin da babu namijin da ya taɓa yi a shekara ɗaya. Amma ita ma akwai "da a ce" a tarihinta, domin Monica Seles ta riga ta ci 8 tun ba ta cika ashirin ba, ta kuma ƙwace mata matsayi na ɗaya, sai wani mai son Graf ya daɓa mata wuƙa a baya ana tsakiyar wasa a Hamburg a 1993. Sai Serena Williams, baƙar fata da ta taso a unguwar talakawa ta Compton, mahaifinta ya koya mata ita da yayarta Venus. Ta ci 23, na ƙarshen a Ostareliya a 2017 tana ɗauke da juna biyu, kuma yayar tata ta doke a wasan ƙarshe. Bayan ta haihu ta sake kai wa wasan ƙarshe sau huɗu tana neman na 24, bai samu ba. Ni a wurina idan ana maganar wanda ya fi razana abokan karawa tun kafin a shiga fili, maza da mata, sunanta nake fara kira.

Mu ma nan nahiyar muna da ɗan abin faɗa. Arthur Ashe, baƙar fatan Amurka da ya ci Wimbledon a 1975, shi ne ya ga wani yaro ɗan shekara 11 yana wasa a Yawunde a 1971, ya sa aka kai shi Faransa. Yaron shi ne Yannick Noah, ɗan wani ɗan ƙwallon Kamaru, wanda ya ci Roland Garros a 1983. A shekarar ce kuma Nduka Odizor na Najeriya ya doke Guillermo Vilas a Wimbledon ya kai zagaye na huɗu. Ashe ɗin nan yana Legas ana gasa lokacin da aka kashe Janar Murtala a watan Fabrairu na 1976, kwana uku bayan haka sojoji suka shiga fili yana tsakiyar wasa suka fitar da shi da bakin bindiga. A kusa-kusan nan Ons Jabeur ta Tunisiya ta kai wasan ƙarshe na manyan gasanni sau uku a 2022 da 2023, ba ta dace ba. Kuma wanda yake Kano ya san gasar Dala da ake yi, ko da yake idan ka je kallo kujerun da ba kowa sun fi masu mutane yawa.

Mu koma kan yaron nan da ya buga ƙirji. Manyan gasanni takwas da aka yi a 2024 da 2025, Alcaraz da Sinner ne suka raba su, huɗu-huɗu, ba su bar wa kowa ko ɗaya ba. Mako biyar bayan abin da ya faru a Faris, Sinner ya rama a Wimbledon, Alcaraz ya sake karɓewa a New York. Zuwa ƙarshen 2025 Alcaraz yana da 6 yana ɗan shekara 22, Sinner yana da 4. Shi Sinner akwai tabon da yake binsa, domin an sami wani haramtaccen sinadari a jikinsa a 2024, ya ce daga hannun mai yi masa tausa ya shiga, hukumomi suka yarda ba da gangan ba ne, aka dakatar da shi wata uku daga Fabrairu zuwa Mayu na 2025, hutun da ya faɗo daidai tsakanin manyan gasanni biyu, bai rasa ko ɗaya ba. 'Yan wasa da dama sun yi ƙorafi cewa da ƙaramin ɗan wasa ne da ba a yi masa wannan sassauci ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Daga baya a wurin mai shayi na ce wa yaron ya yi haƙuri ya ƙirga. Daga 6 zuwa 24 saura 18. Ko da biyu zai riƙa ci duk shekara ba fashi, sai ya yi shekara tara, gwiwa ba ta gaza ba, kafaɗa ba ta gaza ba, kuma wani sabon yaro bai ɓullo daga wani lungu ya tare masa hanya ba. Ya yi shiru yana lissafi da yatsu, can ya ɗago ya ce, "To Baba, lokacin ai shekarunsa 31 kawai, Djokovic kuma a shekarar da ya cika 36 ya ci uku." Na duba, a 2023 haka aka yi. Abokina tela ya fashe da dariya, ya ce wa mai shayi ya ƙara wa yaron ƙwai biyu a kuɗina.